Hanyoyin Yawo da Keke a Duwatsun Kudancin Kano da Jigawa

Hanyoyin yawo da keke a duwatsun kudancin Kano da Jigawa su ne titunan kwalta da burji da turbobin ƙafa da ke haɗa garuruwan da ke gindin duwatsu, daga Rano da Tiga zuwa Riruwai a jihar Kano, da kuma daga Dutse zuwa Birnin Kudu a jihar Jigawa. Mutanen karkara ne suka saba bin su da kekensu, wajen kai hatsi kasuwa da zuwa gona da ziyarar dangi. Saboda haka mai yawon buɗe ido da ya hau su yana bin sawun masu wurin ne, zangonsa kuma yana faɗawa inda nasu yake: bakin kasuwa, gindin rijiya, rumfar mai faci.

Yanayin ƙasa

Birnin Kano yana kan tudu mai tsayin kusan mita 480 daga doron teku, kewayensa kuwa fili ne shimfiɗaɗɗe. Idan aka nufi kudu ƙasa takan riƙa tashi a hankali, duwatsu suna ɓullowa ɗai-ɗai a tsakiyar gonaki, har a kai Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, inda ƙololuwar duwatsun ta haura mita 1,000. Nan ne mafi tudu a jihar. Yawancin duwatsun Rano da Dutse da Birnin Kudu curarru ne, kowane tsaye shi kaɗai, hanya tana zagaye su ba ta hawa kansu. Shi ya sa mahayin keke a wannan yanki ba ya cika haɗuwa da hawa mai tsananin miƙewa. Abin da ke cin ƙarfinsa shi ne hawa da gangara da ba sa ƙarewa, kowane rafi da gangararsa, kowace gangara da tudun da ke jiran sa a gaba.

Arewa maso gabas da Dutse ƙasa takan juye ta koma yashi da jigawa. A can keke mai siririyar taya nutsewa yake yi, sai dai a sauka a tura.

Hanyar Rano, Rurum da Tiga

Wannan ita ce mafi sauƙi, kuma ita ta fi dacewa da wanda bai saba da doguwar tafiya ba. Ana bin titin Kano zuwa Zariya, a karkata a Karfi, a bi ta Bunkure a shiga Rano. Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini, garin kuma yana zaune ne a jikin duwatsu. Daga nan hanya ta nufi Rurum, inda manyan duwatsu ke ɗore a kan juna kamar an jera su da hannu, sannan ta kai Tiga.

An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin gwamna Audu Baƙo. Ruwanta ne ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, don haka mai komawa Kano ta wannan ɓangare yana ratsa shinkafa da tumatir da albasa ko da tsakiyar rani ne, a lokacin da sauran ƙasa ta bushe ƙayau.

Hanyar Tudun Wada, Falgore da Riruwai

Ita ce mafi tsawo da wahala, ita ce kuma ta cancanci sunan hanyar duwatsu. Tana rabuwa da titin Zariya a Kwanar Ɗangora, ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, ta fita Doguwa, daga can ta wuce Saminaka da Jos. Falgore yana da faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, an keɓe shi tun zamanin En'e, daga baya aka mayar da shi gandun namun daji. Kogin Kano yana ratsa shi. Bishiyoyin nan sun fi na arewacin jihar tsayi da kauri, domin ruwan sama ya fi yawa.

A cikin dajin gari ya yi ƙaranci, mai faci ma haka, saboda haka ana shiga da ruwa da kayan gyara a hannu. Ga kuma batun tsaro. Dajin ya yi ƙaurin suna da 'yan fashi da ɓarayin shanu a shekarun baya, har rundunar sojan ƙasa ta mayar da wani sashensa filin atisaye a 2017. Al'adar matafiya ita ce a tambayi direbobin tasha a Tudun Wada halin da hanya ke ciki, a ratsa da rana tsaka, a cikin ayari. Wasu sukan ɗora keken a mota su tsallake dajin, su ci gaba da tuƙi daga Doguwa, ba kuwa abin kunya ba ne.

Riruwai tsohon garin kuza ne. Tun kafin zuwan Turawa ana narka kuza a wurin, tsofaffin rubuce-rubuce suna kiran sa Liruwen Kano, kuma har yau ana ganin ramukan haƙa a jikin duwatsun. Hawan da ke kai wa garin shi ne inda keke mai giya ke nuna amfaninsa. Mai tsohon Raleigh ko Phoenix, wanda giyarsa ɗaya ce tal, yakan miƙe tsaye a kan feda yana lilo hagu da dama, idan abin ya faskara ya sauko ya riƙe kan keken da hannu ɗaya, ɗayan a kan buhun da ke kariya, ya tura. A gangara kuwa birki ne ke shan wuya: robar takan yi zafi ta cinye, musamman idan akwai kaya a baya. A yankin akwai magangarar ruwa ta Zainabi, wadda ta fi kyan gani a ƙarshen damina.

Hanyar Dutse da Birnin Kudu

Daga Kano ana bi ta Wudil, inda kasuwar shanu ke ci ran Juma'a, ranar da titin ke cika da manyan motoci har mai keke ya rasa gefen raɓawa. Daga Wudil hanya ta rabu biyu: ɗaya ta nufi Shuwarin da Dutse, ɗaya ta bi Takai da Kachako zuwa Birnin Kudu, Kwanar Huguma kuma tana haɗa ta biyun da Dutse. Wannan ya ba da damar yin zagaye ba tare da an maimaita hanya ba.

Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, sunanta kuma daga duwatsun da suka kewaye ta ya samo asali. An san ta da dabino. Birnin Kudu kuwa an san ta da zane-zanen mutanen dā a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, galibinsu hotunan shanu, tare da duwatsun da ke ƙara kamar ƙararrawa idan an buga su.

Lokacin tafiya

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa. An gama girbi, burji ya bushe, rafuka sun ja. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka mai zuwa Rano ko Tudun Wada tana tura shi ta baya, sai a dawowa ya biya bashin. Mai nufar Dutse kuwa tun daga fita yake kokawa da ita. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan kai digiri 40, tafiya sai da asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Da damina duwatsu sun fi kyau, amma laka takan cushe tsakanin taya da madigadi har keken ya ƙi juyawa.

Gyara da masauki

Babban abokin gabar taya a nan shi ne tsidau, ɗan ƙaramin ƙaya mai kaifi da ke baje a gefen hanya bayan damina. Kusan duk garin da ke da kasuwa yana da mai faci, yawanci a gindin bishiya, da kwanon ruwa da famfo da gwangwanin sholisho. Yakan hura tib ya nutsa shi a ruwa yana juyawa har kumfa ta tona inda ya huje, ya kankare wurin, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska kafin ya manna. Kaca da boris da sifok na kekunan gargajiya ba sa wuyar samu a wurinsa. Kayan keke mai giya ne ba a cika samu ba sai a birni, don haka mai irin wannan keke yakan taho da tib da wayar birki nasa.

A manyan garuruwa kamar Dutse akwai masaukin baƙi na kuɗi. A ƙauye kuwa baƙo yakan fara da gaida mai unguwa ko dagaci, ya faɗi daga inda ya fito da inda za shi. Sau da yawa zaure ake ba shi, keken kuma a shigar da shi ciki a jingine a bango.