Ƙarfen ɗamara a wasan sulu da laimar iska

Ƙarfen ɗamara shi ne sandar nan mai ƙugiya da ke kwance a gaban cikin mai wasan kaitsaf, wato sulu a kan ruwa bisa allo, wata babbar laima da iska ke ɗauka tana jan mutum. Laimar kan kai faɗin murabba'in mita 5 zuwa 17, igiyoyinta huɗu ko biyar, tsawonsu yawanci mita 20 zuwa 27. Hannu ba ya iya riƙe irin wannan ja na tsawon lokaci. Shi ya sa ake mayar da nauyin kan ƙugu, hannuwa su tsaya ga tuƙi kawai, kamar yadda mahayi ke zaune bisa sirdi yana sarrafa linzami da yatsu.

Wasan ya samo tushe daga 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, waɗanda suka yi rajistar laima mai hurawa a 1984, suka fitar da ita kasuwa da sunan Wipika a 1997. Ɗamarar da ƙugiyarta kuwa aro aka yi daga masu sulu da allo mai filafilai, sannan aka gyara su. A 2024 wasan ya shiga gasar Olamfik ta Faris, aka yi tseren a tekun Marsai.

Aikin ƙarfen yana cikin sifarsa. Da a ce an ɗaura igiya kai tsaye a tsakiyar ɗamara, duk jan da laima ta yi sai ɗamarar ta tsuke, ta matse haƙarƙari, numfashi ya gagara. Sandar, mai tsawon santimita 20 zuwa 30 da ɗoriya gwargwadon ƙugun mai ita, tana karɓar jan a tsakiya ta raba shi zuwa gefe biyu, daga nan madauri su kai shi gadon baya. Wanda ya ga shanun jan ruwa a rijiyoyin karkarar Maraɗi ya san wannan dabara: karkiya ce ke hana igiyar guga cin wuyan shanun. Ana yin sandar da ƙarfe mara tsatsa, wasu kuma da zaren kabon, a sa mata matashi a ƙasa don kada ta gurje ciki.

Ɗamarar iri biyu ce. Ta ƙugu tana ba jiki sakewa, sai dai idan laima ta tsaya bisa kai takan ja ta sama, ƙarfen ya karkace ya soki ƙasan haƙarƙari, kuma wannan shi ne kukan da masu wasan suka fi yi. Ɗamarar zama kuwa tana da madauri a cinyoyi, ƙugiyarta na ƙasa, ba ta hawa, ita masu koyo da masu tsere suka fi so. Kamfanin Ride Engine, wanda aka kafa a Kalifoniya, ya yi suna da ɗamara mai ƙwarya mai tauri a baya, wadda ba ta lanƙwashewa, wasu kamfanonin suka bi. Ana kuma yi wa sandar fukafukai da ake cusawa cikin ɗamara don hana ta juyawa.

Ƙugiyar tana kallon ƙasa, bakinta mai faɗi. A cikinta ake maƙala wani zobe na roba mai tauri, wanda igiyoyin gaba na laima ke ƙarewa a kansa bayan sun ratsa ramin da ke tsakiyar sandar tuƙi, wato wata sanda daban da mai wasa ke riƙewa da hannu. Waɗannan igiyoyin gaba su ke ɗauke da mafi yawan nauyi. Na baya biyu, masu zuwa bakin sandar tuƙi, na juya laima ne. In mai wasa ya jawo sandar tuƙi kusa da cikinsa laima ta ƙara cin iska, in ya tura ta gaba ƙarfin ya ragu, kuma duk wannan ba ya yiwuwa sai zoben na riƙe a ƙugiya. Wata 'yar sakatar roba ake sokawa tsakaninsu don kada zoben ya fita lokacin da igiya ta yi sako-sako. Masu hawan igiyar ruwa sukan bar ƙugiya, su sa guntuwar igiya daga wannan gefen ƙarfen ɗamarar zuwa wancan, zoben yana zamewa a kanta, jiki ya samu juyawa. Kamfanin Cabrinha ya gwada wata hanya mai suna Fireball, ƙwallo cikin gurbi irin gaɓar kafaɗa, amma ƙugiya ce har yanzu ta fi yawa a bakin teku.

Wuyar ƙirar ita ce abin da aka gina don ya riƙe ƙam dole ya saki nan take. A shekarun farko an yi asarar rayuka saboda guguwa ta fizgi mutane ta maka su da duwatsu da gine-gine, su kuwa sun kasa kwance kansu. Yanzu a saman zoben akwai kunamar saki, galibi ja, wadda ake turawa gaba da hannu ɗaya. Faransa ta kafa mata ƙa'ida a 2005, ta duniya kuma, ISO 21853, ta fito a 2020, har da gwajin ko za ta buɗe bayan yashi ya shige ta. Matakan tsira uku ne a jere. A saki sandar tuƙi. In bai isa ba a tura kunama, laima ta zube tana rataye da igiya ɗaya ta hanyar wata talala da ke haɗe da ɗamara. In har yanzu tana ja, ita ma talalar tana da nata masaki. An fi son a ɗaura talalar a gaba, domin wanda ake ja ta baya cikin ruwa hannunsa ba ya kai wa gare ta. A aljihun ɗamara akwai ƙaramar wuƙa mai lanƙwasa ta yanke igiya.

Nijar ba ta da teku, masu wannan wasa a Afirka suna wurare irin su garuruwan Dakhla da Essawira na gaɓar tekun Atlantika, da tsibirin Sal na Kap Ber, da Kef Tawun na Afirka ta Kudu. Gulbin Maraɗi sai damina yake gudu, tafkin Madarunfa kuma na masunta ne. Amma da ɗamara da ƙarfen nan ake jan keken laima da allo mai taya a kan tudu, kuma a nan ƙurar hunturu ce abokiyar gaba: tana cika kunama ta ƙame, don haka ake wanke ta da ruwa mai tsabta a gwada buɗe ta kafin kowace fita. Masu walda da dukawan Maraɗi ba za su kasa kwaikwayon sifar sandar da ɗamarar ba. Inda ƙugiya ta haɗu da sanda nan ne take karyewa, kuma tsagewar walda a wurin takan ɓuya ƙarƙashin matashi, sai an ɗaga shi ake ganinta.