Tashar Mahaɗar Jirgin Ƙasa ta Kaduna

Tashar Mahaɗar Kaduna tana kudu da kogin Kaduna, a inda manyan layukan dogon Nijeriya biyu suka haɗu: layin yamma da ya taso daga Legas zuwa Kano, da layin gabas da ya taso daga Fatakwal ta Inugu, Makurɗi da Kafanchan. Faɗin dogonsu ɗaya ne, ƙafa 3 da inci 6, wato milimita 1,067. Shi ya sa a da taragon da aka loda a Fatakwal kan isa Kano ba tare da an taɓa kayan cikinsa ba.

Tarihi

Dogo ya riga birnin kafuwa. An shimfiɗa layin Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911, ya ƙetare kogin Kaduna, sannan a 1912 layin Legas ya haɗu da shi a Minna. Samuwar ruwa da hanyar jirgi na cikin dalilan da suka sa gwamnatin Lugga ta ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru ta dawo da ita Kaduna a 1917.

Kwal ne ya jawo layin gabas. An gano shi a Udi, kusa da Inugu, a 1909, dogo ya haɗa Inugu da Fatakwal a 1916, aka ci gaba da miƙa shi arewa har ya iso Kaduna wajen 1927. Daga nan tashar ta zama mahaɗa. Duk da haka sai da aka gama gadar Binuwai a Makurɗi a 1932 kafin jirgi ya riƙa wucewa kai tsaye. Kafin nan a kan ruwa ake ƙetarar da taragu. Gyaɗa, auduga, fatu da shanu na gangarawa kudu, goro, gishiri, kananzir da kwal na hawowa. Masaƙun Kakuri, da suka fara da Kaduna Textiles a 1957, sun kafu ne kusa da dogo. Tun 1955 tashar tana hannun Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya.

Yadda aiki ke tafiya

Babban aikin mahaɗa shi ne rarraba taragu. A da jirgin kaya kan iso da taragu masu makoma daban-daban, sai a kwance su, ƙaramin inji ya tura kowanne layinsa, a sake haɗa na Kano wuri guda, na Jos da Maiduguri wuri guda. A zamanin injin tururi akwai ƙarin hidima: a ɗura ruwa, a loda kwal, a kwashe toka, a canza direba da mai hura wuta. Injin dizal ya rage wannan wahala.

Tsohon layin tilo ne, jirgi biyu ba sa wuce juna sai a tasha mai layin ratse. Saboda haka a irin wannan layi direba ba ya shiga tsakanin tashoshi biyu sai shugaban tasha ya damƙa masa alamar izini, kuma ba a fitar da wata sai ta farko ta isa tasha ta gaba. Jirgi ɗaya ya lalace a daji, duk na bayansa da na gabansa sun tsaya.

Wurin da ya fi buƙatar sa ido shi ne masauyin layi, ƙarafan nan biyu masu siririn baki da ake turawa dama ko hagu don karkatar da jirgi. Dole bakin ya manne da dogon da ke gefensa. Tsakuwa ɗaya ta maƙale a tsakani, ko yashi ya cika wurin, ko tsatsa ta hana shi rufewa, sai leɓen ƙafar jirgi ya kutsa cikin tazarar, ƙafa ɗaya ta bi wannan layi, ta bayanta ta bi wancan, tarago ya sauka ƙasa. Maganinsa mai sauƙi ne: shara, shafa mai, da duba ƙusoshi kullum. Da damina ruwa kan zaizaye tsakuwar da ke ƙarƙashin dogo, da bazara kuma zafi kan lanƙwasa ƙarfe idan tsakuwar da ke riƙe shi ta yi kaɗan. Satar ƙarafa da kasa kaya a kan layi sun ƙara dagula lamarin.

Halin da ake ciki

Daga shekarun 1970 manyan motoci suka ƙwace yawancin kayan, gyara ya ja baya, jirage suka yi ƙaranci. An sake buɗe layin Legas zuwa Kano a Disamba 2012 bayan gyara. A Yuli 2016 aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna mai kilomita 186, amma faɗinsa milimita 1,435 ne, kuma a Rigasa ya tsaya. Jirginsa ba zai hau tsohon dogo ba, na tsohon ma ba zai hau nasa ba. Duk kayan da za su ratsa daga wannan layi zuwa wancan sai an sauke an sake lodi, abin da ke cin lokaci da kuɗi, kuma wannan babbar asara ce ga garin da dogo ya gina. A 2021 aka ƙaddamar da aikin miƙa sabon layin daga Kaduna zuwa Kano.