Ƙurajen da ke Fitowa Yayin Maganin Cututtukan Kaska

Ƙurajen da ke fitowa a jikin wanda ya fara shan maganin cutar da kaska ta sa masa ba abu ɗaya ke haifar da su ba. Wasu daga cutar suke, wasu daga maganin, wasu kuma daga mutuwar ƙwayoyin cutar a cikin jini. Abin da likitoci suka fi dogara da shi wajen tantancewa shi ne lokacin da ƙurajen suka ɓulla da kuma sashen jikin da suka kama.

Ɗaya daga cikin masu saurin zuwa shi ne abin da ake kira martanin Jarisch-Herxheimer. Sunan ya samo asali ne daga likitocin fata biyu, Adolf Jarisch na ƙasar Ostiriya da ya bayyana shi a 1895, da Karl Herxheimer na Jamus a 1902. Dukansu sun lura cewa ƙurajen masu tunjere kan ƙara tsananta da zarar an fara yi musu magani da zaiba. Daga baya aka gane haka ma yake faruwa a cututtukan da ƙwayoyi masu siffar murɗaɗɗen zare ke kawowa, har da cutar Laim da zazzaɓin da ke tafiya ya dawo, waɗanda kaska kan yaɗa. Cikin awa 24 da shan maganin farko, mara lafiya sai ya kama makyarkyata, zazzaɓi ya tashi, kai da gaɓoɓi su yi ciwo, ƙurajen da ke jikinsa su ƙara kumbura. Dalili kuwa, maganin ya kashe ƙwayoyin cuta masu yawa a lokaci guda, garkuwar jiki ta zabura fiye da kima. Galibi yakan lafa cikin kwana ɗaya, kuma ba a dakatar da magani saboda shi. Sai dai ga mai zazzaɓin da ke dawowa, irin wanda ƙwayar Borrelia crocidurae ke haddasawa a karkarar Senegal da Mali da Muritaniya, martanin kan yi tsanani har bugun jini ya faɗi, shi ya sa ake sa masa ido na wasu awanni bayan maganin farko.

Cutar kanta ma tana da nata ƙurajen, kuma ba sa jiran kowa. Tabon cutar Laim, wanda ke faɗaɗa kamar zobe, yakan fito kwana 3 zuwa 30 bayan cizo, wani lokaci a wurare da dama. A zazzaɓin Rocky Mountain na Amurka, ƙurajen kan ɓulla kwana 2 zuwa 4 da fara zazzaɓi, su soma daga wuyan hannu da idon sawu, don haka sau da yawa sai an fara magani suke bayyana. Zazzaɓin cizon kaska na Afirka, wanda ƙwayar Rickettsia africae ke kawowa, ana gane shi da baƙin ɓawo a wurin cizon.

Doxycycline, maganin da aka fi bayarwa a waɗannan cututtuka, yana sa fata ta kasa jure rana. Hanci, bayan hannu da wuya su ne kan yi zafi da raɗaɗi kamar ƙuna, wurin da riga ta rufe kuwa lafiya lau. Wani lokaci har farce ya ɗago. Manomi ko makiyayi da ke yini a rana ya cancanci a faɗa masa wannan tun ranar da aka miƙa masa maganin, domin hula da riga mai dogon hannu kan rage matsalar sosai. Amoxicillin kuma yakan fito da ƙananan ƙuraje masu kama da ƙyanda, yawanci bayan kwanaki da fara sha, su soma daga ƙirji da baya.

Akwai waɗanda ba a yi musu jinkiri. Borin jini da ya zo cikin awa guda da shan magani tare da kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, da kuma bororo da saɓulewar fata da gyambo a baki ko ido, alamar ciwon Stevens-Johnson, duk suna bukatar a tsayar da maganin a garzaya asibiti. Ɗigon jini a ƙarƙashin fata wanda ba ya dusashewa idan an danna shi ma yana bukatar a garzaya asibiti.

Wani dalilin da kan ɓoye shi ne ƙin jan nama da cizon wata kaska a kudu maso gabashin Amurka ke jawowa, inda borin jini ke tashi awa 2 zuwa 6 bayan cin naman sa ko na rago, har a ɗora wa magani laifi.

Babban cikas a nan shi ne yawancin hotunan littattafan likitanci na farar fata ne. A baƙar fata, jan da ake nema kan fito duhu-duhu ko shuɗi-shuɗi, sai an duba a hasken rana an kuma shafa da hannu a ji ɗumi ko tudu.