Shin a Kan Addinin Kirista Aka Kafa Gwamnatin Amurka?

An daɗe ana cewa kundin tsarin mulkin Amurka ya ayyana ƙasar a matsayin ta Kirista, amma kundin da aka rubuta a 1787 bai faɗi haka ba. Hasali ma, sashe na shida ya hana a gindaya addini a matsayin sharaɗin riƙe muƙamin tarayya, sannan gyaran farko na 1791 ya hana majalisar dokoki kafa addinin gwamnati ko tauye wa kowa ibadarsa. Yarjejeniyar da Amurka ta ƙulla da Tarabulus (a Libiya ta yau), wadda Majalisar Dattawa ta amince da ita a 1797 zamanin Shugaba John Adams, ta ce ƙarara gwamnatin ba a kan Kiristanci aka gina ta ba.

Ruɗanin yana da tushe, domin yawancin mazauna ƙasar Kiristoci ne, kuma a wancan lokacin haramcin kafa addinin gwamnati ya tsaya ne a kan gwamnatin tarayya kaɗai, shi ya sa jihar Masacusit ta ci gaba da ɗaukar nauyin coci da kuɗin haraji har 1833. Taken dogaro ga Allah da ke jikin dala kuwa, wanda ake yawan kafa hujja da shi, sai a 1956 ya zama taken ƙasa a hukumance.