Makonnin Jiran Kirsimeti: Ina Mai Bi Zai Sa Zuciyarsa In Rayuwa Ta Juya?

Wai mene ne Adbent?

Asalin kalmar daga harshen Latin take, ma'anarta zuwa. Lahadi huɗu ne kafin Kirsimeti. Ta farkon kan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, da ita kuma sabuwar shekarar ikkilisiya ke farawa. Katolika da Anglikan da Lutheran sun fi kiyaye shi. Zuwa biyu ake tunawa: haihuwar Yesu a Baitalami, da dawowarsa da masu bi ke jira.

Kyandirori huɗun nan da ake kunnawa a lokacin Adbent fa?

Wani fasto ne a Hambug ta ƙasar Jamus, Johann Hinrich Wichern, ya fara a 1839. Yaran da yake riƙo sun ishe shi da tambayar yaushe Kirsimeti, sai ya ɗauki tsohuwar ƙafar keken doki ya jera kyandirori a kai, kullum a kunna ɗaya. Daga baya aka rage su zuwa huɗu, ɗaya kowace Lahadi.

Wanda aka sallama daga aiki, ko matar da ta binne mijinta a bana, me waɗannan makonni za su ce musu?

Su buɗe Luka sura 1 da 2 da Matiyu sura 1 da 2, su duba ko akwai wanda shirinsa ya tafi yadda ya tsara. Maryamu budurwa ce da aka yi wa baiko, sai ga ciki da ba ta da bakin bayaninsa ga mutanen Nazarat. Yusufu har ya yanke shawarar rabuwa da ita a asirce don kada ya tona mata asiri. Zakariya, tsoho, mahaifin Yohanna Mai Baftisma, ya shiga Haikali da bakinsa ya fito bebe. Cikin Maryamu ya tsufa, umarnin ƙidaya na Kaisar Augustus ya tashe su zuwa Baitalami, ba su ko sami masauki ba. Bayan haihuwa kuma sai gudu cikin dare zuwa Masar saboda Sarki Hirudus da ke neman kashe jaririn.

Mun saba ganin labarin a wasan yara, da mayafi fari da ɗan tsana a kwali, shi ya sa muke mantawa cewa labarin mutanen da rayuwa ta birkice musu ne. A ganina, mai makoki ya fi mai sabon ɗinki fahimtarsa.

To, bege ba zaman jiran gawon shanu ba ne?

A'a. Yakubu 5:7 ya kawo misalin manomi mai haƙurin jiran ruwan fari da na ƙarshe. Duk wanda ya taɓa shuka gero ya san manomi ba a kwance yake jira ba: ya yi sharar gona, ya kai taki, ya ware iri. Saukar ruwan ce kaɗai ba ta hannunsa. Haka mai neman aiki zai ci gaba da kai takardunsa yana addu'a.

Akwai waɗanda suka ɗanɗana wannan a nan kusa?

A Oktoban 2014 Boko Haram ta kama Mubi da hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi. Shugabannin cocin suka koma Jos, dubban mambobi suka warwatsu Yola da Abuja da Kamaru. A gidajen mutane da sansanoni suka yi Kirsimetin shekarar. Ishaya 40, da ake yawan karantawa a wannan lokaci, ta'aziyya ce ga mutanen da aka kwashe zuwa Babila, saboda haka ba sai an yi wa ɗan gudun hijira dogon wa'azi a kanta ba.

In mutum ya kasa murna, laifi ne?

Ba laifi. Launin da ake sawa a majami'a shunayya ne, na tuba da natsuwa. Sai a Lahadi ta uku ake kunna kyandir mai ruwan hoda, alamar murna, washegari kuma a ci gaba da jira.