Sifar Turanci "convenient" da yadda masu jin Sinanci ke koyonta

"Convenient" sifa ce ta Turanci da ake siffanta abu, wuri ko lokaci da ita idan ya dace da buƙatar mutum ba tare da ya sha wahala ba. Tushenta aikatau ne na Latin, "convenire", wato haɗuwa ko dacewa, kuma ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 14. Kishiyarta "inconvenient". Ba a liƙa mata ɗafa-ƙeyar "-er" ko "-est" wajen kwatance, sai dai a ce "more convenient" da "most convenient".

Ƙamusoshi kan fassara ta da kalmar Sinanci 方便, wadda ake furtawa fangbian, kuma daga nan rikicin yake farawa. A Sinanci ana iya jingina fangbian ga mutum kai tsaye. Tambayar 你方便吗, wadda ake furtawa "ni fangbian ma", hanya ce ta ladabi ta jin ko mutum yana da sarari. Ɗalibi sai ya ɗauko tsarin yadda yake ya ce "Are you convenient?" A kunnen mai jin Turanci wannan ya zama kamar ana tambayar mutum ko shi kayan aiki ne mai sauƙin amfani. Ƙa'idar ita ce, lokaci ko wuri ko shiri ne ke ɗaukar sifar, mutumin kuwa ya biyo bayan "for": "Is Friday convenient for you?" Idan ba a ambaci lokacin ba, "it" ke cike gurbinsa: "Call me when it is convenient for you." Wannan "it" ɗin ɗalibai suka fi yarwa, domin Sinanci ba ya tilasta sa wakilin suna a irin wannan gurbi. A hirar yau da kullum ma, "Are you free?" ta fi yawa a bakin mutane, don haka ya kamata malami ya koyar da su tare.

Wajen maganar wuri, Ingilawa kan ce gida "convenient for the station" ne, wato yana kusa da tasha, Amurkawa kuma sukan sa "to" a gurbin "for".

Fangbian ta fi "convenient" faɗi. Taliyar da ake jiƙawa da ruwan zafi sunanta 方便面, fangbianmian, amma a Turanci "instant noodles" ce. Fangbian tana kuma aiki a matsayin aikatau, har da sakaya zancen kewayawa bayan gida, abin da sifar Turanci ba ta yi. Ita ma "convenient" tana da nata launin da ɗalibi zai iya rasawa: "a convenient excuse" uzuri ne da ake zargin an ƙirƙiro shi don kuɓuta, kuma "How convenient!" sau da yawa nuna shakka ce.

Wajen furuci, ƙarfin murya na kan gaɓa ta biyu, mai dogon wasalin "i". Mandarin, wato daidaitaccen Sinanci, ba shi da sautin "v", shi ya sa yakan koma "w". Gyaransa shi ne haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. Gaɓar Mandarin kuma ba ta ƙarewa da "t", sai ɗalibi ya haɗiye shi ko ya ƙara wasali a bayansa. Idan "t" ya ɓace, mai sauraro kan kasa bambance sifar da sunan "convenience".