Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya

Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN, ɗarika ce ta Kirista da ta yi ƙarfi a arewa maso gabashin Nijeriya, musamman kudancin Jihar Borno da arewacin Jihar Adamawa. Hedkwatarta tana Kwarhi, a Ƙaramar Hukumar Hong, ba nisa da Mubi. Yawancin mabiyanta na farko Bura ne da Margi da Kibaku da Kilba da Kamwe, amma Hausa ce ta zame mata harshen sujada da na taro, shi ya sa ma sunanta na Hausa ne. Tushenta yana ga ɗarikar 'Yan'uwa (Church of the Brethren) da aka kafa a ƙauyen Schwarzenau na ƙasar Jamus a 1708, ƙarƙashin jagorancin Alexander Mack, wadda tsanani ya kori mabiyanta zuwa Amurka. Abin da aka san ɗarikar da shi tun asali shi ne ƙin yaƙi da ƙin ramuwa.

Kafuwarta a Garkida

Amurkawa biyu, H. Stover Kulp da Albert Helser, su ne suka kawo aikin. Sun sauka Legas a ƙarshen 1922, suka nufi ƙasar Biu da niyyar zama cikin Burawa. Ba su sami yadda suke so ba. Turawan mulki sun riga sun yi wa sarakunan Arewa alkawarin ba za a taɓa musu addini ba, don haka jami'an Lardin Borno ba su yi maraba da 'yan mishan a Biu ba. Aka bar su su zauna a Garkida, wani ƙauye a bakin kogin Hawul, can gefen masarautar. A nan ne, ranar 17 ga Maris 1923, suka yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya, tare da leburorin da suka ɗauka don ginin gidan mishan. Wannan ranar ce ekklesiyar take lissafawa a matsayin ranar kafuwarta.

Ko a Garkidan ma zaman bai yi daɗi ba da farko. An yi ta kai ruwa rana da hukuma kan izinin zama, sai da maganar ta kai ga Gwamnan Nijeriya na lokacin, Hugh Clifford, kafin hankali ya kwanta. Ga zazzaɓi, ga rashin hanya, ga nisan asibiti. A 1924 matar Kulp, Ruth, ta rasu tare da jaririn da ta haifa, aka binne su a Garkida. Asibitin da aka gina a garin daga baya sunanta aka sa masa. Kulp bai tattara ya koma gida ba. Ya ci gaba da aiki a yankin kusan shekara 40, ya rasu a 1964. Helser kuwa daga baya ya koma wata ƙungiyar mishan, Sudan Interior Mission (SIM).

Shekara huɗu aka yi ana wa'azi da koyarwa da ba da magani kafin a yi baftisma ta farko, a 1927, kuma waɗanda aka yi wa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Kutare, malamai da mata

Idan ana ba da tarihin irin waɗannan ekklesiyoyi, an saba jero sunayen Turawa da shekarun da suka buɗe tashoshi: Lassa a ƙasar Margi wajen ƙarshen shekarun 1920, Marama a farkon shekarun 1930, Chibok a 1941. Lissafin daidai ne, amma ba shi ne ya cika majami'u ba. Wurin da ya fi kowane yaɗa ekklesiyar shi ne asibitin kutare da aka buɗe a Virgwi, kusa da Garkida, a 1929.

A wancan zamani kuturta cuta ce da ke raba mutum da danginsa. Majinyata suka riƙa zuwa daga ƙabilu masu yawa, wasu daga nesa ƙwarai, kuma tun da maganin lokacin yana ɗaukar shekaru, zaman ya zama na gari sosai: ana noma, ana aure, akwai makaranta, akwai majami'a. Mutumin da ya zo da ciwo a jiki, wanda a garinsu ba a cin abinci da shi a ƙwarya ɗaya, sai ya koma gida ya iya karatu da rubutu, yana riƙe da littafi. Da yawa daga cikin waɗannan su ne suka fara tara mutane a ƙofar gida suna karanta musu bishara da harshensu, a ƙauyukan da ɗan mishan bai taɓa taka ƙafa ba. Daga cikin waɗanda suka bi ta wannan asibiti akwai Mai Sule Biu, ɗan gidan sarautar Biu, wanda ya zama fasto kuma ɗaya daga cikin manyan shugabannin ekklesiyar 'yan ƙasa.

Sai malaman ƙananan azuzuwan koyar da addini na ƙauye, waɗanda albashinsu bai taka kara ya karya ba, sai sun haɗa da noma. Fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ta taimaka musu, domin ta ba ƙabilun da ba sa jin yaren juna littafi guda da za su taru a kansa. Makarantun Waka da ke kusa da Biu, waɗanda aka buɗe a 1952, sun yaye malamai da ma'aikata da yawa, sannan makarantar horar da fastoci mai ɗauke da sunan Kulp ta fara aiki a 1960, ta zauna a Kwarhi.

Mata kuwa, duk wanda ya taɓa halartar sujadar EYN ya san Zumuntar Matan Ekklesiya, wato ZME. Sukan shigo cikin anko, da ganguna da tuluna da caki, wata ta ba da waƙa sauran su amsa, kuma sau da yawa labarin Littafi Mai Tsarki ne suka zuba cikin waƙar daga farko har ƙarshe. Su ne masu gaishe da marar lafiya, su ne masu zaman makoki, su ne masu tara hatsi da kuɗi idan za a yi gini. Ba a cika rubuta sunayensu a tarihi ba, alhali babu wata ƙungiya a ekklesiyar da ta kai tasu ƙarfi.

A asibitin mishan na Lassa ne wata ma'aikaciyar jinya, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓin da likitoci ba su san irinsa ba, a watan Janairun 1969. An ɗauke ta zuwa Jos, ta rasu a can. Cutar ce aka sa wa suna zazzaɓin Lassa.

Tsayawa da ƙafarta

A 1955 ekklesiyar ta shiga tarayyar ekklesiyoyin da yau ake kira TEKAN, kuma a lokacin ana kiranta Lardin Gabas. Mishan ɗin Basel na ƙasar Switzalan, wanda ya shigo yankin duwatsun Gwoza daga Kamaru a 1959, ya haɗa aikinsa da nata. A 1972 ta sami 'yancin gudanar da kanta daga uwar ɗarika ta Amurka, daga baya ta ɗauki sunan da take amsawa yanzu. A cikin shekarun 1970 ɗin ne kuma gwamnati ta karɓe makarantu da asibitocin mishan, har da makarantar Chibok. An yi zaton janyewar Turawa da kuɗinsu za ta rage mata ƙarfi, sai ga shi bayan nan ne ta fi bunƙasa, ta bi 'ya'yanta ma'aikata da 'yan kasuwa zuwa Maiduguri da Yola da Jos da Kano da Kaduna da Abuja da Legas. Yau ta fi uwar ɗarikar yawan mabiya nesa ba kusa ba.

Ana yin baftisma ne ga wanda ya mallaki hankalinsa, ta hanyar nutsarwa sau uku a ruwa. Akwai kuma wankin ƙafa, inda masu bi ke durƙusawa su wanke ƙafafun juna kafin Jibin Ubangiji. Babban taron shekara, wanda ke zaɓen shugabanni da yanke shawara, ana ce masa Majalisa.

Shekarun Boko Haram

Babu wata ɗarikar Kirista da rikicin Boko Haram ya taɓa kamar EYN, don kuwa inda ta fi yawa nan ne wutar ta fi ci. A rikicin Yulin 2009 an ƙone babbar majami'arta ta Maiduguri. Daren 14 ga Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandaren Chibok, mafi yawansu 'ya'yan wannan ekklesiya. Gwoza ta faɗi a watan Agusta, Michika a Satumba, sannan ranar 29 ga Oktoba mayaƙan suka mamaye Kwarhi da Mubi. Ma'aikatan hedkwata da ɗaliban makarantar Kulp suka watse cikin daji da iyalansu, wasu suka haye duwatsu zuwa Kamaru. Shugaban ekklesiyar na lokacin, Samuel Dali, ya mayar da ofis Jos na wucin gadi, sai a 2016 aka koma Kwarhi. Alƙaluman da shugabannin EYN suka bayar a 2020 sun ce an kashe mabiyanta fiye da 8,000, wasu fiye da 700,000 kuma sun rasa matsuguni.

A cikin 2020 ɗin ne kuma aka sace Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya (CAN) a Michika, aka kashe shi a watan Janairu. Ranar 21 ga Fabrairu aka kai hari Garkida kanta, aka ƙone majami'u da gidaje.

A nan ne koyarwar ƙin ramuwa ta gamu da jarrabawa ta gaske, domin faɗinta a kan bagadi daban, riƙe ta ga wanda aka kashe wa uba a gabansa daban. Ba za a ce kowane mai bi ya amince da ita a zuciyarsa ba. An yi ta muhawara, musamman tsakanin matasa, kan ko kare kai ma haramun ne. Amma a matsayinta na hukuma, ekklesiyar ba ta taɓa kiran mabiyanta su ɗauki makami ba, kuma shugabanninta sun yi ta nanata cewa Musulmin yankin ma an kashe su, an kore su, wasu ma sun ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu. Ta kafa ƙungiyar CAMPI ta haɗin gwiwar Kirista da Musulmi don zaman lafiya, kuma EYN da CAMPI suka karɓi lambar yabo ta Michael Sattler a Jamus a 2016. Wani ma'aikacin EYN, Markus Gamache, ya jagoranci kafa matsugunin Gurku a Jihar Nasarawa, inda aka zaunar da iyalan Kirista da na Musulmi 'yan gudun hijira a unguwa ɗaya. Rebecca Dali, wadda ta kafa cibiyar taimakon gwauraye da marayu, ta sami lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a 2017.

Gudun hijirar ya sauya taswirar ekklesiyar. Inda duk mutanen suka yada zango sai su tara kansu, da rumfar kara ko tanti, su fara sujada, har a sansanin Minawao na Kamaru. Wasu daga cikin waɗannan tarurruka sun zama majami'u masu zaman kansu, yayin da wasu tsofaffin majami'un da ke bayan duwatsun Gwoza suka daɗe a kufai. An yi bikin cikarta shekara 100 a watan Maris na 2023, lokacin shugabancin Joel Billi, wanda ya hau a 2016. A 2024 Majalisa ta zaɓi Daniel Mbaya ya gaje shi.